Taɓon da Ya Ɓata Wando

A tashar Matameye suka haɗu, ranar da robar Najaha ta tuntsire, baƙin taɓo ya ɓata wa wani saurayi wando. Tana cikin ba shi haƙuri, ya dangwala ya sansana.

“Wannan ai taɓon haƙar rijiyar mai ne. Me kike yi da shi?”

Ɗaliba ce, tana kwatanta wanda ake damawa da gazuwal, wato man dizal, da wanda ake damawa da ruwa, ta ga wanne ya fi jure zafi da hana rijiya ruftawa. Shi kuwa saurayin, Sadisu, aikinsa ke nan a rijiyoyin man Agadem, can cikin hamada. Kafin mota ta cika sun yi musu, sun karɓi lambar juna.

Da maganar aure ta kai gida, mahaifinta Alhaji Ɗahiru ya ɗaure fuska.

“Ba zan ba wa mai kwana a hamada 'yata ba. Ga Marwan abokin karatunki, kullum yana ƙofar gidan nan.”

Ran Najaha ya ɓaci, ta duƙufa a labo, ɗakin gwaje-gwaje. Sadisu ya aiko mata da haɗinsa na gazuwal, Marwan ya kawo nasa na ruwa. Da sakamako ya fito ta rubuta wa Sadisu a gaggauce:

“Na auna ku duka biyu. Gaskiya Marwan ya fi.”

Shiru. Ta kira, ba rezo, layi ba ya shiga. Ranar da ya shiga, bai ɗauka ba, sai ta sake rubuta masa.

“Nawan, me na yi maka?”

Amsar ta zo a bushe: “Allah ya ba ku zaman lafiya.”

Ta yi jifa da wayar kan katifa, abinci ma ya gagare ta. Ranar da ya dawo hutu ta tare shi a bakin kasuwa.

“Taɓo nake nufi, Sadisu. Taɓo.”

Kunya ta rufe shi.

“Yafe mini, Najata. Amma ko taɓon ma ban yarda ba. Ki sake aunawa.”

Saura Alhaji. Matarsa Hajiya Hajara ce ta zaunar da shi.

“Da ka aure ni, ina kake cin rani? Ba Kano ba? Na mutu?”

Sai Alhaji ya ce Sadisu ya turo magabatansa.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Alhaji ya dafa kan Najaha.

“Allah ya yi muku albarka. Kai kuma Sadisu, in ta kira, ka ɗauka.”