Jarkar Hannun Dama

Da la'asar wani kafinta ya faɗo caji ofis yana haki, ya dafe kanta da hannu biyu, ya ce an sace masa mota.

Sufeto ya fito daga ofishinsa da biro a bayan kunne. Mutum ne mai saurin yanke hukunci. Shi yana kiran abin gogewa, yaransa kuwa suna da wani sunan da suke kiransa a bayan idonsa.

"Wace irin mota?"

"A-kori-kura ce, ranka ya daɗe, fara, mai ƙofa huɗu, mai shan dizal. Da ita nake kai kaya, da ita nake kai yara makaranta. Ƙyamare goma sha biyu na ɗaure a bayanta da safe zan kai wurin wani gini, sai zazzaɓi ya rufe 'yata. Ni da maiɗakina muka tari tasi zuwa asibiti. Muna dawowa muka tarar da fili."

"Wa kuka bari a gida?"

"Mahaifina, sai maigadi."

Sufeto ya ɗauki wani kofur suka bi kafinta. A gidan, mahaifin yana zaune kan kujerar roba a inuwar baranda. Baba Direba ake ce masa, don shekara talatin da biyar ya yi yana jan manyan motoci, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji cewa ko kaza bai taɓa takawa ba. Ya miƙe, ya miƙa wa kofur hannu.

"Sannu da zuwa, Sufeto."

"Ga Sufeton nan, Baba," in ji kofur.

Tsohon ya yi 'yar dariya, ya juyo. Ya ce shi barci ya yi bayan azahar. Amma kafin ya kwanta ya hango maigadi a bakin get yana ƙus-ƙus da wasu mutum biyu da bai san su ba. Kofur ya rubuta, tsohon ya sa hannu.

Aka kira maigadi, wani dogo siriri mai furfura a gemu.

"Ka bar bakin get yau?"

"Ko taku ɗaya, yallaɓai."

"To motar fiffike ta yi?"

Ana cikin haka maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, ba wanda ya tambaye ta, ta ce ita da idonta ta ga maigadi ya fita wajen ƙarfe biyu. Sufeto bai ƙara tambayar komai ba. Aka sa wa maigadi ankwa a gaban yaran gidan, aka kai shi caji ofis aka tura shi bayan kanta, aka buɗe fayil. Jibi za a kai shi kotu.

Washegari da safe Sufeto ya koma gidan, ba don yana shakka ba, don dai ya cike fayil. Ya tarar da matar kafinta tana faɗa ita kaɗai a bakin sito.

"Wannan ɓarawo ko kunya ba ya ji. Mota ba ta ishe shi ba, har man janareta ya haɗa."

Sufeto ya leƙa. Jarkoki biyu ne baƙaƙe iri ɗaya, an rubuta wa kowacce sunanta da farin fenti. Ya ɗaga ta dizal, cike take taf. Ya ɗaga ta fetur, babu ko ɗigo. Mazurari na rataye a ƙusa, an goge shi tas, amma da ya shinshina sai warin fetur ya daki hancinsa.

"Kullum haka ake jera su?"

"A'a. Ta dizal a dama take zama. Jiya da safe na share siton, ban mayar da su daidai ba."

"Makullin motar fa?"

"Ga shi can a ƙusarsa, shi ya sa muka ce da wani makullin suka tayar da ita."

Sufeto ya tsaya yana kallon makullin. Ɓarawo mai sauri ba ya tsayawa goge mazurari.

A caji ofis ya sa aka fito da maigadi. Ya kwana a kan siminti, gefen fuskarsa duk shatin ƙasa.

"Ina ka je jiya? Gaskiya nake so."

"Kemis na je, yallaɓai, sayen maganin hawan jinin matata. Awa guda na yi saboda layi. Na ji tsoron a kore ni ne, shi ya sa na ce ban fita ba."

"Mutum biyun da aka gan ka da su fa?"

"Waɗanne mutane?"

"Baba Direba ya ce ya gan ka."

Maigadi ya ce, "In Baba ya ce ya gani, ni ba zan ƙaryata babba ba."

Sufeto ya kasa haɗa ido da shi. Ya buɗe fayil don ya sami abin kallo, sai idonsa ya sauka kan bayanin tsohon. Sa hannun bai hau layi ba, can ƙasa ya faɗa, a karkace, rabinsa a bakin takarda. Ya tuna hannun da aka miƙa wa kofur jiya.

Ya kira direban ofis. "In aka ɗura wa motar dizal fetur jarka guda, tanki kuma ya yi ƙasa, ina za ta kai?"

Direban ya kama baki. "Wane mara imanin ne? Ai ba za ta yi nisa ba, oga. Ta yi ta ƙwanƙwasa, ta yi hayaƙi, ta mutu."

Suka bi hanyar da ta tashi daga gidan zuwa wurin ginin, suna tsayawa suna tambaya. A kwana ta uku wani mai faci ya ajiye famfonsa ya ce ƙwarai, jiya wata farar mota mai ƙyamare ta mutu a nan tana hayaƙi, daga baya wata tifa ta ja ta zuwa garejin da ke bayan layi.

Bakaniken garejin dattijo ne mai guntun yatsa. Da ganin kaki ya gyara tsayuwa.

"Farar a-kori-kura? Ban ga irinta ba wannan makon."

"Mene ne a ƙarƙashin wancan tamfol?"

"Tsohuwar motar wani ce."

Kofur ya yaye tamfol ɗin. Ga ta nan da ƙyamarenta goma sha biyu, ba wanda ya taɓa. An naɗe madubai, an tokare tayar baya da katako duk da filin a shimfiɗe yake. A kujerar baya an jera takalmin yarinya da gorar ruwan makaranta, an kakkaɓe musu ƙura.

"Ɓarayin yanzu sun iya ladabi," in ji kofur.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya dubi bakaniken. "Wa ke tokare taya a fili shimfiɗaɗɗe, in ba wanda ya saba da babbar mota ba?"

Dattijon ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya riƙe kai. "Baba Direba ne ya koya mini aiki. Ya ce in wanke tankin a ɓoye in mayar da ita kafin yamma. Da na duba sai na ga famfon mai ya tafi. Wallahi ban san an kama wani ba."

Baba Direba yana kan kujerarsa ta jiya lokacin da suka shiga. Sufeto ya ɗauko jarkokin biyu ya ajiye a gabansa, taku uku tsakani. Kafinta da matarsa suna tsaye.

"Baba, karanta mini abin da aka rubuta a jikin wannan."

Tsohon ya ƙura ido. Ya daɗe.

"Baba, ga shi ɓaro-ɓaro," in ji kafinta.

"Ba na gani," tsohon ya ce a hankali. "Shekara biyu ke nan, sai dishi-dishi. Na haddace wurin komai a gidan nan ne don kada ku gane."

Matar ta toshe baki da mayafi.

Tsohon ya ci gaba, "Mai ginin ya yi ta kiran wayar gida yana faɗa. Na ce ɗana na asibiti, ni kuma ina zaune kamar kayan wanki, bari in kai masa. Na san tanki ya yi ƙasa, sai na ɗauki jarkar hannun dama. Tun ina zubawa na ji warin, amma na ce hancina ne ke ƙarya, ni ba zan yi irin wannan kuskure ba. Na zuba har ƙarshe."

"Da kun faɗa mini, Baba. Mota ce fa kawai."

"In ce maka me? Ni da na koya maka riƙe sitiyari?"

"Mutum biyun fa?" in ji Sufeto.

"Babu su."

"An kwana a bayan kanta saboda su."

Tsohon ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan rigarsa. Sufeto ya so ya ɗaga murya, amma ya tuna wanda ya ba da umarnin sa ankwar ba tare da ya leƙa ko sito ba, sai ya fasa. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tunda ya sa kaki.

"Za ku bi mu, Baba. Ba da bayanin ƙarya laifi ne."

Kofur ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Kafinta ne ya kama hannun mahaifinsa ya kai shi mota, yana gaya masa inda dakali yake.

A caji ofis Sufeto ya karɓi makullin bayan kanta ya buɗe da kansa. Ya shirya maganar ba da haƙuri tun a hanya, amma da maigadi ya fito yana riƙe da wandonsa da aka cire wa mazagi, sai kawai ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Maigadi ya hango tsohon tsaye a gaban kanta yana laluben benci. Ya yi sauri ya russuna.

"Baba, ku da kanku kuka zo belina? Ai da kun aiko."

Ya jawo bencin, ya goge shi da hannun rigarsa, ya kama gwiwar hannun tsohon ya zaunar da shi. Baba Direba ya rufe fuska da hularsa. Sufeto ya cire biro daga bayan kunne, ya ja layi a kan sunan maigadi da ke bangon fayil, ya daɗe bai ɗago kai ba.