Hayaƙin Saman Bene

Ranar da Maman Ɗigo ta fara ganinsa, saura ƙiris ta juya daga bakin ƙofa. Maƙwabciyarta ce ta kwatanta mata shagon, ta ce akwai mai gyaran gashin da mai ya ƙona, amma ba ta gaya mata namiji ba ne, balle ta ce gashinsa dada ne, a murɗe tsinka-tsinka har gadon baya.

"Shigo mana, ba ma cizo," in ji yayarsa, wadda ke yi wa wata mata kitso a gefe.

Ta shiga riƙe da hannun 'yarta gam. Ɗigo shekararta huɗu, ita kaɗai ce ribar da ta fito da ita daga aurenta na fari. Hutu yarinyar ta je gidan gwaggonta, aka lafta mata rilaksa irin na manya wai don gashin ya kwanta. Ta dawo da ƙuna a ƙeya, gashin kuwa ko shafa shi aka yi sai ya biyo hannu.

Mai Dada, haka kowa ke kiransa, bai kai hannu kan ba tukuna. Tsugunnawa ya yi daidai tsayin yarinyar.

"Gimbiya, a ba ni izini in ga kan?"

Ɗigo ta ƙura wa gashinsa ido. "Kai igiya ce a kanka?"

"Igiya ce. Da ita nake ɗaure yaran da ba sa cin abinci."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta cire hularta da kanta. Ya duba a hankali, sannan ya ɗago ya dubi uwar.

"Ƙunar nan likita ne zai fara ganinta, ba ni ba. In ta warke mu aske wanda ya mutu, don gashin da mai ya cinye ba ya dawowa. Sabo za mu raina. Ban da kitso mai ja, ban da ruwan zafi, ban da mataji mai ƙananan haƙora. Man kaɗe kaɗan, haƙuri mai yawa."

Ta zaci kwalabe zai jibga mata ta saya. Bai sayar mata da ko ɗaya ba, lambarta kawai ya karɓa don ya riƙa jin yadda kan ke warkewa.

Haka saƙonni suka fara.

"Barka da asuba, Maman Gimbiya. Yaya kan? A sa mata hular siliki in za ta kwanta, matashi na shanye mai."

Da sabon gashi ya fara tsirowa baƙi wuluk, sai wani saƙon ya shigo.

"Yau ba kan Gimbiya nake tambaya ba. Uwar nake tambaya."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Uwar lafiya lau. Amma ka sani ni ba ni kaɗai ba ce. Duk mai sona biyu zai ɗauka."

"Dama biyun na gani, Hasken idona."

Baba, mahaifinta, tsohon direba, ko kaɗan bai ji daɗin zancen ba.

"Mai wannan kan? Wanda rabonsa da mataji tun yana goye? Ƙazanta ce kawai aka ba ta suna."

Shi ɗan ƙaninsa yake so mata, Mai Kanti, wanda kullum kansa a aske tal kamar ƙwai. Mai Kanti na sonta, sai dai ya taɓa cewa in an yi auren sai a mai da yarinyar wajen dangin ubanta. Tun ranar ko ruwa ba ta ƙara kawo masa ba.

Mai Kantin ne ya zo da labari wata yamma, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Baba, duk Asabar da safe yaron nan yana kulle kansa a saman benen shagonsu. Ba ya ɗaga waya, ga hayaƙi na tashi. Kowa ya san abin da masu irin wannan gashin ke zuƙa."

Ta san gaskiya ne, ba ya ɗaga waya ranar Asabar. Amma ba ta yi kuka ba. Ta zauna gaban mahaifinta, ta gyara mayafi.

"Baba, ba zan kai 'yata gidan mashayi ba, ko da sonsa zai kashe ni. Amma ba zan yar da mutum a kan an ce ba. Asabar mu je tare. In gaskiya ne, da bakina zan sallame shi a gabanka."

Ba ta gaya wa Mai Dada ba. Saƙonsa ya shigo: "Shirun ya yi yawa, Hasken idona. Laifi na yi?" Ta kife wayar a kan gado, ta ci gaba da shafa wa Ɗigo mai.

Asabar da hantsi yayarsa ta buɗe musu ƙofar bene tana ta mamaki. Matakalar ƙunci gare ta. Baba na gaba yana haki, ita a tsakiya, Mai Kanti a baya. Ga hayaƙin kuwa, fari fat, yana tashi. Ta dafa bango ta ƙarasa.

Mai Dada na zaune kan 'yar kujera ya ba rana baya, tawul a kafaɗa, gashin a baje kan wata kujerar kamar shanya. Gefensa tukunya ce ke tafasa a kan ƙaramin risho. Baba ya sa sandarsa ya ture murfin. Tururi ya rufe masa tabarau.

"Darbejiya?"

Mai Dada ya zabura zai durƙusa, jiƙaƙƙen gashin ya watsa wa Mai Kanti ruwa a riga.

"Ita ce, Baba. Da ruwanta nake ɗauraye kai saboda ƙaiƙayi. Dada kuma in bai bushe har ciki ba wari yake yi, kamar wankin da aka ninke da danshi. Shi ya sa nake ba shi rabin yini a rana. Wayar tana ƙasa, hannuna duk mai ne."

Mai Kanti ya ce ya tuna ya bar kanti a buɗe.

Sai a lokacin Mai Dada ya gane abin da ya kawo su. Ya dube ta, muryarsa ta yi ƙasa.

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka, ni zan yarda, Baba ba zai yarda ba. Kuma a kan Ɗigo, ko kai ne sai na gani da idona."

Ya gyaɗa kai. "Haka nake so a tsare ta."

Baba ya goge tabaransa. "In na ce ka aske fa?"

"Zan aske, Baba. Gashi ne."

"Ba zai aske ba," ta ce, a ladabce amma ba rawar murya. "Baba, ka ce ƙazanta ce, ga wanki ka gani. An ce shaye-shaye, ga darbejiya. Saura me?"

"Saura a ba ni kujera, gwiwoyina sun ƙare."

Mai Dada ya yi wuf ya miƙa masa tasa. Baba ya zauna ya dube su.

"Yarinyar fa, ina za ta zauna?"

"Ɗakinta na riga na yi wa fenti, Baba."

"To, turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure an rasa hular da za ta shiga kan ango, sai da tela ya ɗinka masa ta musamman. Baba ya ce wannan ba hula ba ce, kwando ne, jama'a suka yi ta dariya. Daga baya ya haɗa hannun ango da na amarya ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya yarinyar a tsakaninsu.

A sabon gida Ɗigo ta ja mayafin uwarta.

"Mama, yanzu me zan riƙa ce masa?"

"Me kike so ki ce?"

Ɗigo ta juya ta ƙwala masa kira: "Abba, zo ka ga ɗakina!"

Ya taho da gudu, ya bar baƙi a tsaye. Allah ya sa albarka, ya bar su tare.