Bugu Uku a Cikin Tanki

Gab da magariba Husainatu ta sauko daga hawa na goma sha ɗaya don karɓo abincin da ta saya a shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi. Wata na biyu ke nan da kulle Kuala Lumpur saboda korona. Unguwarsu, Wangsa Maju, ta yi tsit, jirgin ƙasa na wucewa fayau ba kowa a ciki. Mijinta ya maƙale a Kano, aka bar ta da mahaifinta, Injiniya Datti, wanda ya zo ganin likitan ido na sati uku, rufe iyaka ta rutsa da shi.

Tsohon ba kanwar lasa ba ne. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi aikin haƙar mai a kudu, tun ana kwana a kan ruwa, ga sauro ga tsawar Bature. Lambobin yabonsa sun cika kwali. Amma akwai wata doka a gidansa da 'ya'yansa suka tashi suna yi wa dariya a bayan idonsa: ba a ƙwanƙwasa ƙofa, sallama kawai. Wanda ya manta kuwa, ranar zai gane kurensa.

Sai jiya da la'asar ya gaya mata dalili. A zamaninsu, in mutum ya shiga wanke tankin mai, sai ya buga ƙarfe sau uku da sifana, na waje ya amsa da biyu, wato na ji, zan buɗe. Wata rana ya sa aka rufe murfi bai ƙirga mutanensa ba, don manya na jira. Ya ji bugu uku. Ya ce wa kansa ƙarfe ne ke hucewa, ya ba da umarnin a saki mai. Ashafa ne a ciki, ɗan garinsu, wanda shi da kansa ya kawo shi aikin.

"Shekara hamsin da biyar hayaniyar duniya na rufe min shi, Husaina," in ji shi. "Yanzu lockdown ɗin nan ya kashe hayaniyar."

Ta ce tsufa ne, ta ba shi shayi. Allah sarki.

Da ta dawo da ledar abinci, ƙofa a buɗe take. Takalmansa na nan, carbinsa a ƙasa.

"Baba?"

Sai wani wari ya doki hancinta ta cikin takunkumi, mai nauyi, kamar kwalta da ruɓaɓɓen ƙwai. Daga matakala yake saukowa.

Ta hau. Hawa huɗu. Ƙarfen da take dafawa yana da santsi, ta duba tafinta, baƙi ƙirin.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

A saman bene, gaban babban tankin ruwa, mahaifinta na tsaye ba takalmi, sandarsa ta ƙarfe a hannu. Ladan ya fara kiran salla can nesa.

"Baba, don Allah mu tafi," ta yi raɗa. "Please. Magariba ce."

"Kin ji ai, ko? Ke ma kin ji."

Ta ji. Ƙarya ta ƙi fitowa daga bakinta.

Ya ɗaga sandar, hawaye na bin gemunsa. Ya buga sau biyu.

Komai ya tsaya, har kiran sallar.

Murfin tankin ya motsa. Wani baƙin abu mai kauri ya fara gangarowa a jikin ƙarfen. Daga ciki wata murya ta fito, a shaƙe, ta saurayi.

"Datti. Ka ce za ka buɗe."

Tsohon ya taka matakin farko na tsanin tankin.

Husainatu ta yar da leda, ta rungumo ƙugunsa, tana karanta Ayatul Kursiyyu a harhaɗe. Wani abu ya riƙe shi ta idon sawu, yana ja. Ta ja, ya ja. Sanyin abin ya ratsa har haƙoranta. Ta ƙwalla kabbara da iyakar ƙarfinta, suka zube tare a bakin matakala.

Ba ta waiwaya ba.

Kwana uku tsakani zazzaɓi ya kama shi. Aka ce korona ce, aka tafi da shi, ba ziyara. Shatin yatsu biyar a ƙafarsa kuwa, likitoci ba su ce komai a kai ba. Ya rasu cikin ɗakin gilashi a rufe, yana neman iska. Ma'aikaciyar jinya ta gaya mata ta waya cewa har ƙarshe yana bugun ƙarfen gado, ba su gane me yake so ba.

"Sau nawa?" in ji Husainatu.

"Uku-uku."

An buɗe gari tuni, hayaniya ta dawo. Amma duk magariba bututun kicin ɗinta na bugawa sau uku da ƙarfi. Sai kuma wani ukun ya biyo baya, a hankali, irin na hannun tsoho. Takan tsaya da cokali a hannu tana kuka, ta ce wa kanta ƙarfe ne ke hucewa.