Ranar da na wuce Yaya Bilya yana zubar da jini

"Idan na ƙara ganinki kina yi wa wannan ɗan Djougou murmushi, wallahi sai na faɗa wa Baba!"

"Yaya Bilya, murmushi ma laifi ne?"

"Idan Ishaƙu za a yi wa, laifi ne! Mutumin da ya karya mini haƙori bara?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da shirya akwatin magani. Bandeji, auduga, almakashi, ruwan wanke ciwo... hannuna yana aiki, zuciyata tuni ta riga motar isa Djougou.

Sunana Zinariya, 'yar Alhaji Gaji mai fataucin shanu a unguwar Guéma, nan Parakou. A lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da ajiye sunan Dahomey ba. Wani malamin makaranta Bafaranshe ya koya wa samarin gari wasan rugbi, ƙwallon da ake gudu da ita a hannu ana kokawar ƙwace ta, sai ma'aikatan jirgin ƙasa da 'ya'yan mahauta suka kafa ƙungiya. Babu albashi, babu likita, sai ƙarfi da ihu. Kowane wasa Yaya Bilya zai dawo gida da targaɗe ko fashewar leɓe, Inna ta yi ta kuka. Shi ya sa na je na koyi aikin agajin gaggawa, na zama mai akwatin ƙungiya.

Baba bai so ba. Da ƙyar ya ce, "Na bar ki ne don ki kula da ɗan'uwanki, ba don ki riƙa taɓa 'ya'yan mutane ba."

A bakin fili na haɗu da Ishaƙu, kyaftin ɗin Djougou. Ya zo da yatsa a goce, yana dariya kamar ba jikinsa ba. Na ɗaure masa shi haɗe da na kusa, ya ce, "Malama, gobe zan goce wani idan za ki ɗaure." Tun daga ranar ban ƙara samun sukuni ba.

Ranar wasan ƙarshe muka cika bayan mota, ana waƙa ana buga gwangwani tun daga unguwar Ganou. Har Baba ya biyo mu, wai yana da cinikin shanu a Kolokondé, amma kowa ya san ɗansa ya zo kallo.

Filin Djougou ya cika maƙil! Mata masu sayar da ƙosai, makaɗa, yara a kan bishiyar mangwaro. Ishaƙu ya wuce ta gabana yana gyara riga, ya yi ƙasa da murya.

"Zinariyata, yau wa za ki yi wa addu'a?"

"Wanda ya fi buƙata."

"To ni ne, don tun jiya ban ci abinci ba saboda ke."

"Tafi, Yaya yana kallonmu!"

Wasa ya yi zafi. Parakou ta ci, Djougou ta rama. Na ɗaure idon sawun wani, na sa masa tsumma mai sanyi, na tsayar da haɓon wani. Muryata har ta dushe don ihu. Ana dab da tashi, Ishaƙu ya cafe ƙwallo ya zura a guje, babu kowa a gabansa sai mutum ɗaya... Yaya Bilya.

Ƙarar haɗuwarsu har bakin fili na ji ta.

Su biyun suka zube. Yaya Bilya ya tashi zaune yana ihu, jini ya rufe masa fuska daga goshi. Ishaƙu kuwa yana kwance rigingine, ko yatsa bai motsa ba.

Na ɗauki akwati na ruga. Ina jin Baba a bayana: "Bilya! Zinariya, ɗan'uwanki!"

Ƙafata ta so ta tsaya a kan Yaya. Jininmu ɗaya ne yake zuba! Amma abin da aka koya mini ya tsaya mini a kai: wanda yake ihu yana numfashi, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Na cusa wa Yaya auduga mai yawa a hannu.

"Danna a goshi, da ƙarfi! Kada ka ɗaga, kada ka tashi!"

Na wuce shi.

'Yan Djougou sun riga sun yi cincirindo. Wani ya kama hannun Ishaƙu zai ɗaga shi, wani ya kawo bokitin ruwa.

"Kada wanda ya taɓa shi!" na daka tsawa. "Ku sake shi! Wuyansa ne!"

Na durƙusa ta saman kansa, na sa tafukana biyu a gefen kunnuwansa na riƙe kan daidai yadda na same shi. Na kai kunnena kusa da hancinsa. Numfashi yana fita! Alhamdulillahi!

"Ishaƙu... Ishaƙu, kana jina? Kada ka motsa."

Ya buɗe ido a hankali. "Zinariya... mun ci?"

"Ka rabu da ci. Ina ke maka ciwo?"

"Wuyana. Hannuwana kamar tururuwa na bin su."

Hawaye ya zubo mini, ba ni da hannun sharewa.

"Ina nan, masoyina. Ba zan sake ka ba."

Ban san na faɗa da ƙarfi ba sai da na ɗaga ido. Baba yana tsaye a kaina, fuskarsa a murtuke.

"Tashi," ya ce. "Ɗan'uwanki yana can cikin jini, ke kina rungume da kan ƙato a gaban jama'a?"

"Baba, ka yafe mini. Idan na saki kansa zai iya shanyewa har abada. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama a gida, amma yanzu ba zan tashi ba."

Ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Na ci gaba da riƙe kan Ishaƙu.

Sai ga Yaya Bilya ya rarrafo, auduga a goshi. Ya dubi Ishaƙu, ya dube ni. Duk fushin nan ya gudu daga fuskarsa.

"Ni na yi masa haka?" ya ce. "Baba, ƙyale ta. Zinariya, me za mu yi?"

"Kai zauna, kanka ya bugu, yau ka gama wasa. Baba, ina son ƙyauren ƙofa mai ƙarfi, da motar da za a kwantar da shi a miƙe."

Baba ya dubi Ishaƙu a kwance. Sai ya juya ya kwatsa wa mutane murya irin wadda yake yi a kasuwar shanu: "Ba ku ji ba ne? Ku ciro ƙyaure! Idrisu direba, kawo motar nan har cikin fili!"

Aka ɓallo ƙyauren ɗakin ajiyar wata makaranta da ke gefen filin. Na sa mutum huɗu suka jeru a gefensa, 'yan Parakou da 'yan Djougou a haɗe. Da na ba da umarni suka juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da baya a layi guda, aka tura ƙyauren. Muna neman abin da za mu tokare kansa, Baba ya warware rawaninsa ya miƙo. Muka naɗe shi gefe da gefe, muka ɗaure.

Har asibiti hannuna bai bar kansa ba. A kowane rami Baba yana dukan rufin mota: "A hankali, direba! Ba buhun doya ka ɗauko ba!"

Aka ɗinke goshin Yaya Bilya, aka ce a sa masa ido ko zai yi amai ko jiri. Shi kuwa Ishaƙu, likita ya ce ƙashin wuya ya tsage amma bai goce ba. Zai yi tafiya da ƙafarsa, sai dai rugbi ya ƙare masa.

Da aka gaya masa ya yi kuka kamar yaro. Yaya Bilya ya riƙe hannunsa, shi ma yana kuka.

"Ka yafe mini, Ishaƙu."

"Wasa ne, Bilya. Mun yi daidai, haƙori da wuya."

"Wallahi ka fi ni asara!"

Suka fashe da dariya cikin hawaye, ma'aikaciyar jinya ta kore mu waje.

A barandar asibiti na durƙusa gaban Baba ina jiran hukunci. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kalmar da kika kira shi da ita a fili, duk Djougou ta ji."

"Na tuba, Baba."

"Ban ce ki tuba ba. Na ga mahaifinsa a ciki, Malam Usuman ne mai karantarwa a Kolokondé, na san gidansu. Idan yaron ya miƙe, su zo Guéma su same ni."

Na rungume ƙafafunsa ina kuka ina dariya. "Baba! Allah ya ƙara girma!"

"Tashi, tashi, mutane na kallo."

Bayan damina aka ɗaura aure. 'Yan wasan ƙungiyoyin biyu suka raka motar amarya da gudu tun daga bakin garin Djougou, suna waƙa, Yaya Bilya a gaba da tabonsa a goshi yana ihu ya fi kowa.

Da aka shigar da ni ɗaki, Ishaƙu yana tsaye ya ba ƙofa baya. Har lokacin wuyansa ba ya juyawa sosai. Na yi sallama a hankali. Sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ƙafa da ƙirji da fuska, ya tsaya yana kallona.

"Ki yi haƙuri, amaryata," ya ce, idonsa cike da ƙwalla. "Yanzu ba na iya kallonki da gefen ido. Duk sanda kika kira ni, da dukkan jikina zan juyo."