A Hankali Zan Sauka

Mai kitso ce ta fara ba ni wannan labari, kaina na kan cinyarta, ba halin in gudu. Ta ce katanga ɗaya ce ta raba ta da gidan da abin ya faru.

Maigidan makanike ne, a ƙofar gida yake aikinsa. Yana da wani tsohon jak na ɗaga mota mai tayoyi da dogon hannu, wanda ya girmi aurensa. Duk inda aka ajiye shi sai ya bar tabon mai. Matarsa takan ce, "Maigida, jak ɗin nan naka ya fi jariri fitsarin kwance." Robar cikin jak ɗin ce ta mutu, domin ya taɓa ɗura masa man birki da man jak ya ƙare, shi kuwa man birki cin roba yake yi.

Wata yamma ya zauna gyara. Ya zare fistan, ya ciro robar duk ta kumbura, ya tsiyaye man a gwangwani. Sai aka kira magariba. Garin saurin alwala ya juye gwangwanin a wani rami da ke gindin katanga, ko bismillah bai yi ba. Matar tana kwashe shanya ta ji wata siririyar ƙara, kamar an taka ɗan kyanwa. Daga nan gidan ya yi tsit. Ko kaji ba su yi motsi ba.

Tun daga ranar, da duhu ya fara sauka sai a ji ruwan jifa da notinan mota a kan kwanon rufi. Hannun jak ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai a ɗakin kaya. Sannan abin ya koma kan Auta, 'yarsu budurwa. Idanunta suka soma zubar da baƙin hawaye mai warin man birki, har ta daina ganin tafin hannunta.

Aka ɗauko malam. Ya daɗe yana karatu kafin Auta ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Maƙwabciya. Na riga su zama a gindin katangar nan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta. Ɗana yana kwance yana kallon sama aka zuba masa wuta a ido."

Makanike ya durƙusa. "Wallahi baiwar Allah ban sani ba."

"Da ka ambaci sunan Allah da na janye shi. Bakinka ciwo yake yi?"

Malam ya ce za a toshe ramin, ba mai sake zuba komai a wurin. Tsohuwar ta ce ita ido take so. Ya ce yarinya ba ta zuba wa kowa komai ba, ya ci gaba da karatu har ta soma ihu.

"Sauka daga kanta!" in ji malam.

"Zan sauka," ta ce, ta yi wata 'yar dariya. "Amma a hankali zan sauka, Malam."

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, ga ki can." Kowa ya yi hamdala. Matar makanike kaɗai maganar tsohuwar ta tsaya wa a rai, domin ta sha jin mijinta yana gaya wa masu mota cewa jak mai yoyo ba ya faɗuwa, a hankali yake sauka.

Shi kuwa ya sa sabuwar roba, ya zuba man jak na ainihi, ya fitar da iska. Ya ɗaga wata mota da shi tun safe, har la'asar ko ɗigo babu a ƙasa. Da zai shiga ƙarƙashi matar ta ce, "Maigida, sa mata wani abu ya tokare."

"Ke kuma! Aikina za ki koya mini?"

Ta shiga gida, ta mirgino turminta, ta cusa shi ƙarƙashin motar kusa da kafaɗarsa.

"Daka za ki yi mini a nan?" ya ce, yana dariya.

Ta tsaya riƙe da bakin zane. Rana ta yi ja, layin ya yi shiru. Sai ta lura hasken da ke tsakanin mota da ƙasa yana raguwa. Ba ƙara, ba motsi.

"Maigida, fito!"

Maimakon ya fito, sai ya juyo da fuska ya dubi jak ɗin, wai ya gani da idonsa. Nan sabuwar robar ta fashe. Mai ya feso siriri kamar allura, ya shige idonsa na dama. Motar ta zauna daram a kan turmi. Turmin ya tsage, amma ya riƙe. Ita da Auta suka kama ƙafafunsa suka jawo shi waje.

Idon bai sake gani ba. Mai kitso ta rantse a magaribar nan ta ji mace tana rarrashin yaro a gindin katanga, tana ce masa ya yi shiru, an biya shi. Jifa bai ƙara sauka a kan kwanon ba.

Ni kuwa ina da jika makanike, kansa kamar dutse. Washegarin kitson da safe na sa aka ɗaukar mini tsohon turmina har garejinsa.

"Kaka, me zan yi da turmi?"

Na ce, "Angona, ka shiga ƙarƙashin mota ba shi, ka ga in ban riga aljana tsone maka ido ba." Ban bar wurin ba sai da na ga ya cusa shi.