Makin da Ya Hana Ta

Ranar da Mushe Halilu ya fara ganin Naja'atu, tana bisa tsani tana ɗaura ƙwan wuta a cibiyar koyon sana'a ta Konni. Shi malamin lantarki ne daga Illela, an turo shi duba ɗalibai; Mushe ake kiran malami a can. Ya tsaya baki sake har ta sauko.

"Mushe, wayar ka zo dubawa ko ni?"

Shi ke nan, ta tafi da zuciyar bawan Allah. Kullum sai saƙonsa ya shigo: "Fitilata, kin ci abinci?"

Mahaifinta, Malam Yakuba, tsohon mai gyaran wuta ne, wutar ce ma ta shanye masa hannun dama. Yana kwance ba lafiya, burinsa ɗaya: ya ga diplom ɗin ɗiyarsa, wato takardar shaidar gama karatunta.

Ranar jarrabawar aiki, sai ga Halilu cikin masu ba da maki. Naja'atu ta haɗa komai tsaf, amma don rawar jiki ta kai hannu ga waya ba ta kashe wuta ba. Dokar a fili take: wanda ya yi haka ya faɗi. Sauran malamai suka kau da kai. Halilu kuwa ya rubuta cewa ta faɗi.

Saƙonta ya zo da la'asar: "Ka san halin da Baba yake ciki. Kar ka ƙara kirana."

Wata biyu bayan haka Malam Yakuba ya rasu. Wayyo, Naja'atu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Halilu ya zo gaisuwa, Inna Larai, mahaifiyarta, ta ƙi ko kallonsa.

Da shekara ta zagayo, Naja'atu ta sake jarrabawar gaban wasu malamai, ta ci. Ta kawo takardar gida, ta aje inda Baba yake kwanciya.

Inna Larai ta daɗe tana share hawaye, sannan ta ce, "Akwai saƙon babanki da na ɓoye don haushi. Da ya ji dalilin faɗuwarki, hannunsa ya duba, ya ce, 'Da na samu malami irin wannan, da ina da hannuna. In ya nemi aurenta, ku ba shi.'"

Naja'atu ta ɗauki waya tana kuka. "Fitilarka ce. Ka turo manyanka."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a ƙofar gidan marigayi. Inna Larai ta kama hannun ɗiyarta na dama, lafiyayye, ta sa cikin na Halilu.

"Allah ya yi muku albarka. Ka ci gaba da tsare mini shi."