Na'ura Biyu a Bayan Labule

Sau uku Auta ta yi sallama a bakin shagon gyara, saurayin da ke sunkuye kan teburi bai ko ɗago ba. Na'urar CD ɗin Baba tana rungume a ƙirjinta, hannayenta har sun soma sagewa. Sai da ta zagaya ta tsaya a damansa ta ce, "Malam, ko sai an cika fom ake samun amsa a nan?" sannan ya zabura, sukundireba ya suɓuce masa.

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe. Me ke damun tsohuwar?"

"Tsalle take yi a tsakiyar waƙa. Baba ya ce in gaya maka shekararta ashirin a hannunsa, in ka taɓa mata murya zai gane."

Mai Gyara ya kwance murfin, ya goge idon na'urar da auduga a hankali, ya sake mata robar da ke jan tire. "Ƙura ce kawai. Irin waɗannan ba sa mutuwa, gajiya suke yi." Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ta sosai. Auta, wadda ta shirya masa baƙar magana har kala biyu, ta nemi ko ɗaya ta rasa.

Daga ranar kayan gidansu suka shiga lalacewa ba dalili. Yau rediyo, gobe fitila, jibi rimot ɗin da batir kawai yake nema. Mama tana gani, ta yi kamar ba ta gani.

Wata biyu ana haka. Ran nan yana raka ta bakin titi, ta tattara duk ƙarfin halinta ta ce a hankali, "Ina sonka." Bai ce komai ba, motoci kawai yake kallo. Ta koma gida ta sha kukanta, ta daina ɗaukar wayarsa. A rana ta biyu saƙonsa ya shigo.

"Tauraruwata, shiru kwana biyu. In laifi na yi, faɗa mini sunansa."

"Na faɗa maka maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ka ci gaba da kallon titi."

"A wane gefena kike tsaye?"

"Hagu. Meye haɗin?"

Sai ya rubuto mata:

"Kunnena na hagu ya mutu tun ina shekara tara, zazzaɓi ne ya tafi da shi. Daga mahaifiyata sai ke kuka sani. Wa zai kawo wa mai kunne ɗaya gyaran sauti? Don Allah ki sake faɗa. Ta dama."

Ta kira shi ta sake faɗa, har sau biyu. Sai da ta ajiye wayar tana murmushi ta tuna da Baba, nan take murmushin ya ɓace.

Baba shekara talatin ya yi yana haɗa sauti a gidan rediyo kafin ya yi ritaya, kuma a wurinsa mutanen duniya kashi biyu ne: masu kunne da marasa kunne. Yayyen Auta mata biyu duk sai da mazansu suka zauna a falonsa suka saurari faifai kafin a yi maganar aure. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ba ya gajiya da maimaita ta: "Mutumin da ba ya jin bambancin sauti, ranar da muryar matarsa ta canza ba zai ji ba."

Ga kuma Mai Kanti, mai babban shagon sabbin kayan sauti, wanda ya daɗe yana zagayen gidan. Shi da wayonsa ta falo ya biyo. Ya kawo wa Baba kyautar sabuwar na'ura mai walƙiya, ya zauna suna hirar kaurin sauti da siririn sauti har Baba ya soma kiransa "ɗana".

Da Mama ta kai maganar Mai Gyara, Baba ya taɓe baki. "Mai goge ƙura? Hannu gare shi, ban musa ba. Kunne fa?" Mama ta yi ta lallashi har ya ce to, su zo su biyu, shi da Mai Kanti, ranar Asabar da la'asar. Za a ɗora tsohuwar na'ura da sabuwar a bayan labule, a sa musu faifai iri ɗaya, a kunna su tare. Sifika ɗaya, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ɗaya. Auta ce za ta zauna a baya ta cire kebul daga wannan ta sa a waccan. Kowa ya faɗi abin da ya ji.

Saura kwana huɗu Asabar. In Baba ya kira ta, sai ta ɗauka wani ya kai masa labarin kunnen. Ranar Juma'a ta kasa daurewa ta rubuta:

"Injiniyana, zan yi tari sau ɗaya in tsohuwar ce."

"In kika yi tari zan ce a kawo miki ruwa. Ba zan shigo gidanku ta taga ba, Tauraruwata."

"Tsoro nake ji."

"Ni ma. Tun safe dunƙulen waya ɗaya nake kwancewa na kasa."

Asabar ta zo. Auta ta durƙusa a bayan labulen falo, wurin ba haske sosai, na'urorin biyu ɗaya kan ɗaya, bayansu duk ramuka ja da fari. Ta sa kebul a tsohuwar, ta kunna su tare. Muryar mace ta cika falon, da jita da sarewa a bayanta. Auta ta riƙe kebul ɗin tana jiran umarnin Baba.

Baba ya rage sautin ya ce, "Canza."

Ta zare kebul ɗin. Tafinta ya jiƙe da gumi, ya suɓuce ya faɗa bayan teburi. Ta lalubo shi a cikin duhun. "Auta, barci kike?" in ji Baba. Ta cusa shi a ramukan da yatsunta suka fara samu ta ce, "An canza."

Waƙa ta dawo. Bayan minti biyu Baba ya kashe.

Mai Kanti ya gyara zama. "Baba, ai ba a haɗa su. Ta farko muryar a shaƙe take, kamar ana waƙa a cikin kwali. Ta biyu kuwa sarewar ta buɗe, har numfashin mawaƙiyar na ji. Sabuwar ce ta biyu."

A daidai nan idon Auta ya sauka kan kebul ɗin. Yana jikin tsohuwar. Inda ta cire, nan ta mayar. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji muryar Baba.

"Madalla. Haka na ji ni ma. Ta biyu ta fi sarari nesa ba kusa ba."

Ta rufe bakin da tafinta. In ta yi magana yanzu, ta tsinka mahaifinta a gaban baƙi, a kan abu ɗaya tak da yake taƙama da shi a duniya.

"Kai fa?" in ji Baba.

Ta ɗan ɗaga gefen labulen. Mai Gyara yana zaune a bakin kujera, hularsa a hannu yana murza ta, gumi na bin gefen fuskarsa.

"Baba, ni dai ban ji bambanci ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Kuma gara in faɗa maka da bakina, kunnena na hagu ba ya ji tun ina yaro. Wataƙila shi ya sa. Amma ba zan ce na ji abin da ban ji ba."

Mai Kanti ya yi 'yar dariya ta hanci. Baba ya kalli saurayin, sannan ya dafa gwiwa zai miƙe. "Na gode da gaskiyarka. Amma ka san ƙa'idata. Magana ta ƙare."

Auta ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Hawaye har haɓa.

"Baba, ka yafe mini. Ban canza ba. Kebul ɗin ya faɗi, na mayar da shi inda yake. Tsohuwar kuka ji sau biyu."

Baba ya taka a hankali, ya durƙusa, ya bi kebul ɗin da yatsa tun daga amfilifaya har jikin tsohuwar na'urarsa. Mai Kanti ya soma cewa ai wani lokaci ƙarfin wuta kan canza, Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba. Sai Mai Kanti ya tuna an bar masa shago ba kowa, ya nemi takalmansa.

Auta tana jiran tsawa. Baba kuwa kujera ya koma ya zauna, ya zama ƙarami a cikinta yadda ba ta taɓa ganinsa ba.

"Shekara huɗu ke nan," ya ce, yana kallon ƙasa, "siririn sautin sarewar nan ba na jin sa. Daga kaina nake cike shi. Ban faɗa wa kowa ba."

"Mun sani, Malam," in ji Mama daga bakin ƙofa, muryarta a tausashe. "Maƙwabta ma sun haddace labaran da kake saurara."

Dariya ta ƙwace wa Baba, ya share ido da bakin riga. Ya juya ga Mai Gyara.

"Kai shekara nawa kana ɗauke da naka?"

"Sha tara, Baba."

"Ka faɗe shi a gaban abokin takararka, a ranar da zai fi cutar da kai. Ni na kasa faɗa wa matata." Ya ja dogon numfashi. "Ka turo manyanka."

Auta ta zube a wurin ta kifa kai a gwiwar Baba tana kuka, shi kuma yana shafa kanta yana cewa ya isa, ya isa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da aka zo tafiya da amarya, Baba ya riƙe hannayensu biyu ya haɗa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari. Ku riƙa faɗa wa juna abin da kuka ji, da abin da ba ku ji ba."

Ya faɗe ta da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa sosai, har na tsakar gida suka ji. Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin, da ƙarfi su ma, yadda za ta kai masa.